Ganga da Mai Hidima: Sanin Kiɗan Hannu, Koyonsa da Darajarsa a Ƙasar Batsari da Safana

Gabatarwa

Ma'aikacin da aka tura ƙauye yakan tarar da maganar ganga tana jiransa tun bai kwance kayansa ba. Matasa suna so a tara kuɗi a sayo jembe irin wadda suke gani a waya. Mata suna da tulunsu da gangarsu, ba sa so a taɓa musu. Wani dattijo kuma zai ce shi kiɗa ne ya baro a baya, bai ga dalilin da za a biyo shi da shi ba. Kowannensu yana da hujja, kuma duka suna kallon bakin mai hidima. Idan bai san ganga ba, zai yanke hukunci a kan abin da bai sani ba, ko kuma ya yi shiru har rigima ta raba jama'a.

Manufar wannan darasi ita ce mai karatu ya san gangunan ƙasar Hausa da aikin kowace, ya san inda jembe ta fito da yadda ake kaɗa ta, ya fahimci hanyar koyon kiɗan hannu, sannan ya iya ba jama'arsa shawara da sani. Mun ɗauki ƙasar Batsari da Safana a matsayin misali domin a can ne tambayar ta fi tsanani a yau.

1. Ƙasar da halin da take ciki

Batsari da Safana ƙananan hukumomi ne a yammacin Jihar Katsina, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Kaduna a 1987. Dukansu suna ƙarƙashin masarautar Katsina. Hakimin Batsari shi ke riƙe da sarautar Sarkin Ruma, na Safana kuma Yariman Katsina. Rumawa sun yi suna wajen jarumtaka, har yau ana ba da labarin Ɗanwaire. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya da mafarauta, tana jingine da Dajin Rugu wanda ya miƙe har cikin Zamfara. Duk inda aka sami noma da farauta da fawa da sarauta a ƙasar Hausa, to akwai kiɗan da yake tafiya da kowannensu.

Amma shekarun nan 'yan bindiga sun sauya zaman wannan yanki. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, Batsari da Safana suna ciki. Ƙauyuka da dama sun watse, mutanensu sun koma garin Batsari, ko Dutsin-Ma, ko birnin Katsina.

Me ya haɗa wannan da ganga? Kiɗa sana'a ce da take rayuwa a kan taro. Gayya, biki, suna, dambe bayan kaka, wasan dandali da farin wata, a nan ne makaɗi yake samun abinci, a nan ne kuma yaro yake koyo. Idan aka daina taruwa da dare, aka bar gonakin nesa, aka taƙaita biki, makaɗi zai rataye gangarsa ya nemi wata sana'a. Mai sassaƙa ba ya iya shiga daji neman itace. Ilimin kuwa ba a littafi yake ba, a hannu da kunne yake. Tsoho ɗaya ya mutu a gudun hijira ba tare da ya koya wa kowa ba, taken gidaje masu yawa ya tafi ke nan.

2. Kowace ganga da gidanta

Kuskure ne a ce "ganga" kawai kamar abu ɗaya ce. Bahaushe bai ɗauke ta haka ba. Kowace tana da sunanta, da mutanenta, da wurin da ya dace a ji ta.

Akwai na fada. Tambari shi ne babba, na sarki ne shi kaɗai, ana buga shi ranar naɗi da ranar salla da sauran manyan ranaku. Jauje da kotso da taushi su ma na sarauta ne. Akwai na sana'a. Kalangu tun asali na mahauta ne, ko da yake ya zama na kowa, daga 'yan dambe har 'yan mata. Gangar noma ta manoma ce a wurin gayya. Dundufa ta maƙera ce, talle kuma ta 'yan tauri da mafarauta. Akwai na addini, kamar bandiri wanda 'yan Ƙadiriyya suke bugawa a wurin zikiri, musamman a Kano. Akwai kuma na mata a cikin gida, wato kiɗan ƙwarya da shantu.

Ta wajen kaɗawa, wasu da makaɗi ake buga su, wato ɗan itacen nan mai lanƙwasasshen kai, kamar kalangu da jauje. Wasu da makaɗi a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana taɓa fata, kamar ganga. Wasu kuwa da hannu zalla: kotso, taushi da bandiri. Kotso yana da siffar kalangu, amma baki ɗaya aka rufe da fata, ɗayan a buɗe yake. Taushi kamar akushi yake da aka rufe bakinsa. A tsakiyar fatar irin waɗannan akan liƙa ɗan baƙin danƙo da ake kira nake, domin ya ba murya nauyi.

Manyan makaɗan da muka sani da waɗannan kayan suka yi aiki. Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da kotso, Salihu Jankiɗi da taushi, haka ma Sarkin Taushin Katsina. Mamman Shata, haifaffen Musawa a ƙasar Katsina wanda ya rasu a 1999, da kalangu ya zagaya duniya. Turawa biyu masu bincike, David Ames da Anthony King, sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da ma'anarsu a littafin da suka fitar a 1971, kuma a Katsina King ya yi nasa binciken. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa da harshen Hausa. Saboda haka wanda ya ce ƙasar nan ba ta da kiɗan hannu nata sai an shigo da shi daga waje, bai bincika ba.

3. Yadda ganga take magana

Hausa harshe ne mai karin sauti. Kowace gaɓa tana da murya sama, ko ƙasa, ko mai faɗowa. Ka faɗi "kuka" na hawaye, sannan ka faɗi "kuka" ta miya. Haruffa ɗaya ne, karin ne ya bambanta su. Haka "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala. Ban da kari kuma akwai tsawon wasali, wani gajere wani dogo.

Wannan ne asirin kalangu da kotso. Fatar tana ɗaure da tsarkiya. Makaɗi yana riƙe da gangar a hammata. In ya matse tsarkiya, fata ta ɗame, murya ta hau. In ya saki, murya ta sauka. Da hawa da sauka da tsawon bugu yake bin karin magana har mai sauraro ya gane abin da ake faɗa. Ganga ba ta furta baƙi da wasali, don haka ba kowace sabuwar magana za a gane ba. Abin da ake ganewa shi ne wanda kunne ya riga ya sani: take, kirari, karin magana. Shi ya sa mutum yana cikin kasuwa zai ji takensa ya waiwayo, baƙon da yake kusa da shi kuwa bai ji komai ba sai kiɗa.

Darasi na farko ga mai hidima a nan yake. Kiɗan Hausa ba ƙara ba ce kawai, yana ɗauke da magana. Yaro zai iya kawo wani salo mai daɗi da ya tsinta a wurin biki, bai san ma'anarsa ba, alhali dattawan da suke zaune suna jin zambo, ko batsa, ko taken 'yan tauri. Ba za ka san haka ba sai ka tambayi masu kunne.

4. Jembe, baƙuwa daga yamma

Jembe ba gangar Hausa ba ce. Ta mutanen Mande ce, musamman Malinke da Bambara, a ƙasashen Gini, Mali, Burkina Faso da arewacin Kodebuwa. A al'adarsu maƙera ne suke sassaƙa ta. Siffarta kamar turmi mai siririn ƙugu, an fafe cikinta tun daga sama har ƙasa, an rufe bakin sama da fatar akuya. Tsawonta yakan kai kimanin santimita 60, faɗin bakinta daga 30 zuwa 38. Itatuwan da aka fi so don yin ta duk sanannu ne gare mu: kawo, maɗaci, madobiya da ƙirya. A da, da tsirkiyar fata ake ɗaure ta, yanzu kuwa da zoben ƙarfe da igiyar roba mai ƙarfi.

A gidanta jembe ba ta tafiya ita kaɗai. Akwai ganguna uku da ake bugawa da sanda, babba da matsakaiciya da ƙarama, sunansu dundunba, sangban da kenkeni. Su ne suke riƙe tushen kiɗa, jembe kuma tana yi wa masu rawa magana a samansu. Kamar namu, kowane kiɗa nasu yana da dalilinsa: na noma, na aure, na kaciya, na jarumai.

Yadda ta fita duniya abin lura ne. Wani ɗan Gini mai suna Fodeba Keita ya kafa ƙungiyar makaɗa da maraya a Paris a farkon shekarun 1950, mai suna Les Ballets Africains. Bayan Gini ta sami 'yancin kai a 1958, gwamnatin Sekou Toure ta mai da ita ƙungiyar ƙasa, ta riƙa zaɓo gwanaye daga ƙauyuka tana tura su ƙasashe. Daga cikin manyan gwanayen akwai Famoudou Konate da Mamady Keita. Shi Mamady ya buɗe makarantar jembe a Burusel ta ƙasar Beljiyam a 1991, ya rasu a 2021. Yau ana koyon jembe a Amurka da Jamus da Japan, ana kuma sassaƙa masu araha da yawa a Gana da Indunusiya.

Jembe ba ta fi kotso da taushi asali ba. Abin da ta samu shi ne mutanen da suka ɗauke ta da daraja, suka koyar da ita, suka rubuta, suka ɗauki sauti. Bambanci ɗaya kuma ya kamata a sani: fatar jembe a ɗaure take wuri ɗaya, ba a matse ta ana cikin kiɗa. Don haka ba ta iya bin karin Hausa yadda kalangu da kotso suke yi. Tana da ƙarfi da kaifin murya, tana da kyau wajen riƙe taro babba, amma ba ta maye gurbinsu.

5. Muryoyi uku na hannu

Mai kaɗa jembe yana zaune a bakin kujera, gangar tana tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗan karkata ta gaba domin gindinta ya buɗe. Idan gindin ya zauna daram a ƙasa, murya ta toshe. Ya cire zobe da agogo, domin suna huda fata suna kuma ji wa yatsu. Kafaɗa a sake, baya a miƙe.

Muryoyin asali uku ne. Ta farko mai kauri: a bugi tsakiyar fata da tafin hannu gaba ɗaya, a ɗaga nan da nan kamar an taɓa abu mai zafi. Ta biyu matsakaiciya: a bugi gefe da yatsu huɗu a haɗe, a miƙe, gindin yatsun yana daidai bakin ganga. Ta uku mai kaifi kamar bulala: a wuri ɗaya da ta biyu, amma yatsu a sake, a ɗan ware, kan yatsun ne yake faɗa wa fata. Babatunde Olatunji, makaɗin Nijeriya da ya zauna a Amurka har rasuwarsa a 2003, ya riƙa koya wa ɗalibansa waɗannan muryoyi da baki, yana kiransu gun, go da pa.

Yawancin masu koyo a murya ta biyu da ta uku suke maƙalewa, domin suna zaton ƙarfi ne yake bambanta su. Ba ƙarfi ba ne, siffar hannu ce. Gwani yana iya fitar da mai kaifin a hankali ƙwarai, yana iya fitar da matsakaiciyar da ƙarfi. Wanda yake dukan ganga kamar yana da fushi da ita zai kumbura hannu ya fasa fata, murya kuma ba za ta fito ba. Wannan ƙa'ida ɗaya ce ga taushi, da bandiri, da tulun da mata suke bugawa.

6. Yadda ake koyo

A gidan makaɗan Hausa kiɗa gado ne. Yaro yana tashi yana ji. Da farko kaya yake ɗauka yana bin ubansa. Daga nan a ba shi ƙaramar ganga, irin kuntuku, ya riƙe bugu guda ɗaya wanda ba ya sauyawa tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Sai ya daɗe a nan kafin a ba shi ta gaba, sai kuma ya daɗe kafin a yarda ya ja gaba. A Gini ma haka ne, yaro yakan yi shekaru yana rakiya kafin a bar shi ya yi salo. Hanyar tana da hikima, kuma ana iya bin ta ko a inda babu gidan gado.

Na ɗaya, kunne kafin hannu. Mai koyo ya saurara har ya iya rera kiɗan da baki. Abin da baki bai iya faɗa ba, hannu ba zai iya bugawa ba.

Na biyu, tafi da taka ƙafa. Kafin a taɓa ganga, masu koyo su taka ƙafa a kan bugu ɗaya, rabinsu su tafa sau biyu, rabi sau uku a cikin lokaci guda. Wannan haɗuwar biyu da uku tana cikin kiɗan Afirka ta Yamma da yawa, wanda ya same ta a jikinsa ya sami mabuɗi.

Na uku, sannu. Sauri yana ɓoye kuskure. A fara a hankali har kowace murya ta fito sarai, hannun hagu ya yi daidai da na dama.

Na huɗu, kaɗan kullum. Minti 15 ko 20 kowace rana ya fi awa uku ranar Asabar. Fatar hannu tana bukatar lokaci kafin ta saba.

Na biyar, riƙe naka. Babban gwajin mai koyo shi ne ya tsaya a kan bugunsa mai sauƙi alhali na kusa da shi yana yin wani dabam. A nan ake koyon haƙuri da tawali'u, domin kowane yaro so yake a ji shi.

Na shida, neman malami. Waya tana nuna hannu, amma ba ta gyara naka. A cikin waɗanda suka yi gudun hijira akwai tsofaffin makaɗa da masu ɗaurin ganga da suke zaune ba aiki. A neme su, a gaishe su da girmamawa, a biya su haƙƙinsu, ko da ba addini ɗaya ake yi ba. Zuwa da kai ya fi saƙo.

7. Me ya sa ake raina makaɗi?

Abin mamaki ne, Bahaushe yana son kiɗa amma yana raina mai yin sa. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya nuna a rubuce-rubucensa na shekarun 1950 cewa makaɗa da maroƙa da mahauta suna can ƙasa a jerin darajar sana'o'i. Har yau akwai gidajen da ba sa ba makaɗi aure. Dalilai uku ne suka fi fitowa. Na farko, an haɗa kiɗa da roƙo. Na biyu, malaman jihadin 1804 sun soki kiɗan wasa da na cuɗanyar maza da mata, ko da yake sun bar ganga don kiran taro da yaƙi. Na uku, an haɗa kiɗa da bori da mashaya.

A kan na ukun akwai gyara. Kayan kiɗan bori a ƙasar Katsina galibi garaya ne da goge da ƙwarya da buta. Gangar noma ba ta bori ba ce, taushi ma haka. Wanda ya jefa su duka a kwando ɗaya ya zalunci manomi da makaɗinsa. Duk da haka kada a yi wa dattijon da yake tsoron kiɗa dariya. Abin da kunnensa yake tunawa gaskiya ne a gare shi.

Mai hidima ba zai gyara tunanin ƙasa gaba ɗaya ba, amma zai iya gyara na inda yake. Mai kaɗa ganga ma'aikaci ne kamar mai jan waƙa. A ambaci sunansa in ana godiya. A saya masa fata in ta fashe, kada a bar shi da asara. A kula da halinsa kamar yadda ake kula da na sauran ma'aikata, kada a ce ai makaɗi ne, a kau da kai. 'Yan mata ma a ba su dama su koya.

8. Ganga a cikin sujada

Littafi Mai Tsarki ya san gangar hannu. Sunanta da Ibrananci tof, ƙaramar ganga ce mai fata ɗaya a kan zobe, 'yar'uwar bandiri. Ita Maryamu 'yar'uwar Haruna ta ɗauka a Fitowa 15:20, ita mata suka tarbi Saul da Dawuda da ita a 1 Sama'ila 18:6, an kuma ambace ta a Zabura 81, 149 da 150. Masu tonon tarihi sun sami gumakan yumɓu da yawa a ƙasar Isra'ila na mata riƙe da irin wannan ganga. Amma Ishaya 5:12 ya ambace ta a wurin shagalin masu maye. Ganga ɗaya ce, wuri da zuciya ne suka bambanta. Ikkilisiyar Habasha kuwa ta yi ɗaruruwan shekaru tana buga babbar gangar hannu mai suna kabaro a cikin waƙoƙinta.

A ƙasarmu, mishan na farko, irin 'yan SIM da suka yi aikin kutare a Babbar Ruga a kan hanyar Katsina zuwa Batsari tun ƙarshen shekarun 1930, da muryoyin waƙar Turai suka zo. Yawancin waƙoƙin Littafin Waƙoƙi fassara ce da aka ɗora a kan waɗannan muryoyi, shi ya sa wani lokaci waƙa take hawa a inda kalmar Hausa take sauka. Zumuntar Mata ce ta fi kowa dawo da muryar gida, da tulu da ganga da caki.

Ga ma'auni huɗu da za su taimaka. Shin ana jin kalmomin waƙar, ko ganga ta haɗiye su? Shin masu kunne sun tabbatar salon ba ya ɗauke da wata magana ko tunin da bai dace ba? Shin kiɗan yana haɗa jama'a, ko yana nuna mutum ɗaya? Shin an yi la'akari da mai raunin lamiri bisa koyarwar Romawa 14, da tsari bisa 1 Korintiyawa 14:40? In an amsa waɗannan da kyau, jembe da kalangu da tulu duk suna iya zama wuri ɗaya.

9. Maƙwabta da zaman tsaro

A Batsari da Safana masu bi kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi, kuma wahala ɗaya ake sha. Muryar jembe tana tafiya nesa. A san lokutan salla, a dakata. In ana zaman makoki a unguwa, a rage ko a bari, domin ba a kiɗa a kan hawayen maƙwabci. A inda dare yake da haɗari, a mai da koyo da rana, a bi shawarar mai unguwa da dattawa. Kiɗan dare yana iya nuna inda aka taru, yana kuma iya rufe ƙarar babura da ihun neman taimako. Rai ya fi kiɗa.

Amma kada tsoro ya sa a binne ganga gaba ɗaya. Ishaya 24:8 ya lissafa shirun ganga cikin alamun ƙasar da ta lalace. Yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, sau da yawa ba sa iya faɗa da baki. Zama a da'ira da rana, ana tafi ana bugu tare, kowa yana jiran ɗan'uwansa, yana sa su sake jiki su yi dariya. Wannan ba ya maye gurbin magani ko shawara, amma yana buɗe ƙofa.

10. Saye da kulawa

Kafin a sayi jembe, a tambaya ko akwai mai sassaƙa da mai ɗauri a kusa. Kuɗin da zai tafi Legas ko Gana zai iya raya sana'ar maƙwabci, kuma gangar gida in ta lalace a gida ake gyara ta. In jemben za a saya, a duba jikinta ko da tsagewa, a shafa bakin a ji ko sumul yake, a ɗaga fatar ga haske a ga ko da huda, a ja igiya a ji ko ta ɗame. Mai sauƙin nauyi da ado da yawa galibi ta rataye a bango ce.

Da hunturu fata takan ɗame har ta fashe, sai a ɗan sassauta. Da damina takan saki, sai a ɗan shanya ta, amma kada a gasa a wuta. A rataye ganga nesa da ƙasa saboda gara da ɓeraye. Kada a bugi jembe da sanda. Kada a ɗaura fatar mushe ko ta dabbar da ciwo ya kashe, domin cutar antiraks tana bin fata, kuma an tabbatar da ɓullarta a Suleja a watan Yuli na 2023. A tuna kuma itace yana ƙarewa. An sare madobiya a Afirka ta Yamma har aka sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe tun 2017. Wanda ya sare ɗaya ya dasa biyu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Lissafa gangunan da ake samu a inda kake hidima. Wa yake kaɗa kowace, kuma a wane wuri?
2. Bayyana yadda kalangu yake bin karin Hausa, da dalilin da ya sa jembe ba ta iya yin haka.
3. Matasa suna son jembe, wasu dattawa ba sa son ganga ko kaɗan. Wane mataki za ka fara ɗauka, kuma da wa za ka fara magana?
4. Ta yaya ake nuna raini ga makaɗa a cikin jama'arka, ko da ba a faɗa da baki ba?
5. A wane hali ya kamata a dakatar da kiɗa saboda maƙwabta ko tsaro?

Aikin yi

Kafin haɗuwa ta gaba, ka ziyarci tsohon makaɗi ko mai ɗaurin ganga guda ɗaya. Ka tambaye shi wurin wa ya koya, sunayen sassan gangarsa, irin itace da fatar da yake amfani da su, da ko akwai wanda yake koya a hannunsa yanzu. In ya yarda, ka ɗauki sautinsa a waya. Ka rubuta abin da ya gaya maka a shafi biyu, ka kawo aji.